Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Gyara Kayanka ga 'Yan Ƙwallon Kwandonmu

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili a wannan mujalla tamu mai farin jini domin in yi wa 'yan'uwana ɗalibai wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maganar kuwa ta shafi ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando ne, da irin horon da muke ba ta, ko kuwa in ce irin horon da muke hana ta. Tun kafin in yi nisa, bari in shaida wa mai karatu cewa ni ma ina cikin masu laifin, gama shekara biyu na yi ina sanye da rigar wannan ƙungiya, saboda haka duk dutsen da na jefa a nan, wani ɓarinsa a kaina zai faɗo. Hausawa dai sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk wanda ya je kallon wasanmu na ƙarshe a zangon karatun da ya wuce ya ga abin da ya faru. Mun tafi hutun rabin lokaci muna gaba da maki 9, 'yan kallo suna ta kiɗa da kirari kamar an riga an ba mu kofi. Da aka shiga kashi na huɗu sai ga 'yan wasanmu sun dafa gwiwa suna haki, abokan karawarmu suna wuce su kamar yadda ake wuce turke a hanya. A wannan rana ni ne na riƙe takardar lissafin maki, kuma har yanzu tana cikin akwatina. An ba mu jifan kyauta sau 22, watau jifan nan da alƙalin wasa kan ba wanda aka yi wa laifi, ya tsaya shi kaɗai ba mai tare shi. Muka zubar da 13 daga ciki, aka cinye mu da maki 4. Da muka koma ɗakin kwana, wannan ya ce alƙalin wasa ne ya zalunce mu, wancan ya ce rashin sa'a ce, wani ma cewa ya yi tuwon da aka ba mu ne ya yi nauyi. Ban ji mutum ɗaya da ya ambaci yadda muke atisaye ba.

To, bari ni in ambata. Da La'asar sakaliya akan taru a fili, wanda ya riga zuwa ya tsaya can nesa yana ta jifa daga bayan layin maki uku, yana ci ɗaya yana zubar da biyar. Da an cika goma sai a raba biyar-biyar, a yi ta wasa har a kira Magariba. Gwanin cikinmu shi ke riƙe ƙwallo, sabon shiga kuwa sai ya yi sa'a guda yana kai da komowa bai taɓa shi sau goma ba. Haka za a yi ta yi wata da watanni. Idan ya rage mako biyu a tafi gasar jami'o'i ta NUGA, sai ka ji an ce an buɗe sansani, a tashi mutane da asuba a yi ta zagaya filin ƙwallon ƙafa da su, har wasu su yi targaɗe tun ba a hau mota ba. Wannan shi ne fafe gora ranar tafiya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wasa daban, horo daban, kuma mu wasa kawai muke yi. Ƙungiyar da ke son ta ci gasa dole ta kasance tana da rubutaccen tsarin atisaye na duk shekara a kan abubuwa uku, watau tsaron gida, da jifa, da juriyar jiki. Haƙƙi ne kuma a kan Ƙungiyar Ɗalibai, wadda ke karɓar kuɗin wasanni daga aljihun kowannenmu, ta tabbatar an yi haka.

Ga misali daga wurin waɗanda suka riga mu. John Wooden, kocin Jami'ar UCLA da ke Los Angeles a Amurka, ya ci kofin jami'o'in ƙasar sau 10 cikin shekara 12, daga 1964 zuwa 1975. Wannan bawan Allah yakan fara horon shekara ne da koya wa 'yan wasansa yadda ake sa safa ba tare da ta tattare ba, da yadda ake ɗaure igiyar takalmi, don kada ƙafa ta yi bororo. Yakan rubuta tsarin atisayen kowace rana minti bi minti a 'yar takarda tun kafin ya shiga fili. A shekararsa ta ƙarshe, wasu masana biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, sun zauna suna rubuta duk abin da ya fito daga bakinsa lokacin atisaye, suka buga sakamakon a 1976. Abin da suka gano shi ne kimanin rabin maganarsa koyarwa ce tsantsa, a yi kaza, a yi shi kaza, yabo da faɗa kuwa kowannensu bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Mu a nan, faɗa da zage-zage su ne rabin horonmu.

TSARON GIDA

Na fara da tsaron gida ne domin shi ne marayan filinmu. Mu yi ɗan lissafi. Wasa minti 40 ne, kashi huɗu na minti goma-goma, 'yan wasa goma, ƙwallo ɗaya. In da za a raba riƙon ƙwallo daidai wa daida, kowa minti 4 zai samu, ko ma ƙasa da haka in aka cire lokacin da ƙwallon ke cikin iska. Ashe ke nan ɗan wasa yana cinye fiye da minti 30 hannunsa wayam, kuma kusan rabin wasan duka yana yin sa ne wajen hana abokin karawa ci. Amma ka zo filinmu ka gani ko ana ba wannan rabin ko da minti biyar.

Tushen tsaro shi ne tsayuwa. Ƙafafu a buɗe su ɗara faɗin kafaɗa, gwiwoyi a lanƙwashe, baya a miƙe, nauyin jiki a kan gaban tafin ƙafa, ido kuwa a kan ƙugun abokin karawa, gama kai da hannu da ƙwallo duk suna iya yaudara, amma inda ƙugu ya nufa nan mutum zai bi. Daga wannan tsayuwa sai a koyi gusawa gefe irin tafiyar ƙaguwa, ba tare da an harɗe ƙafa ko an haɗe su ba. Filin da ke ƙarƙashin kwando faɗinsa mita 4.9 ne. A sa ɗan wasa ya yi ta gusawa daga wannan layi zuwa wancan har daƙiƙa 30, abokinsa yana ƙirga masa, a rubuta adadin. Bayan wata guda a sake gwadawa, kowa ya ga ko ya ƙaru.

Na biyu shi ne atisayen karkace-karkace. A haɗa mutum biyu-biyu, ɗaya yana tafe da ƙwallo yana karkata dama da hagu daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, ɗayan yana gabansa yana tilasta masa juyawa. Da farko mai tsaron ya goya hannuwansa a baya, domin ya gane da ƙafa ake tsaro. Yawancin laifuffukan da ake hura mana usur a kansu daga miƙa hannu suke fitowa, mutum ya makara da ƙafa sai ya nemi ya rama da hannu, alhali kuwa laifi biyar ke fitar da ɗan wasa daga fili.

Na uku shi ne tarar mai jifa. Mai tsaro ya tsaya ƙarƙashin kwando, ya gangara wa abokinsa ƙwallo can bayan layi, ya sheƙa a guje wajensa, in ya rage taku biyu ko uku sai ya gajarta takunsa, ya rage tsawo, ya ɗaga hannu ɗaya sama. Wanda ya iso da dukan gudunsa wuce shi za a yi, wanda ya tsaya nesa kuwa a jefa a kan idonsa. Wannan tsaka-tsakin ba a gane shi da bayani, sai an maimaita shi sau ɗari bisa ɗari.

Na huɗu, wanda ya fi su duka amfani a ganina, shi ne atisayen ƙawanya. Mutum huɗu su tsaya a kewayen layin maki uku suna miƙa wa juna ƙwallo, huɗu suna tsaronsu. Wanda mutuminsa ke riƙe da ƙwallo ya matsa masa. Wanda mutuminsa ke kusa da mai ƙwallo ya sa hannu a hanyar miƙawa. Wanda mutuminsa ke nesa ya ja da baya zuwa tsakiya, inda zai iya ganin mutuminsa da ƙwallo a lokaci guda, ya kawo ɗauki idan an wuce ɗan'uwansa. Doka biyu ce a nan: a motsa tun ƙwallo yana cikin iska, kuma a yi magana da ƙarfi. Ƙungiyarmu ta iya surutu a mota da wurin cin abinci, amma a fili sai ka ce taron kurame. Da farko masu ƙwallo su tsaya cik, sa'an nan a ba su izinin kutsawa, daga ƙarshe a sake su su nemi ci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wannan atisaye ne ke koya wa mutum biyar su zama hannu ɗaya na gaske.

Sauran shi ne tare hanya bayan an yi jifa, domin tsaro bai ƙare ba sai ƙwallo ya shigo hannu. A ajiye ƙwallo a tsakiyar da'irar fili, masu tsaro su juya wa abokan karawa baya, su rage tsawo, su hana su taɓa shi har a ƙirga biyar. Gajere da ya iya wannan yakan riga dogo cafe ƙwallon da ya dawo daga allo.

Kada wani ya ce tsaro aikin marasa gwaninta ne. Bill Russell ya ci kofin NBA sau 11 cikin shekara 13 tare da Boston Celtics, kuma da tsaro ya yi suna. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya kakkaɓe jifa 3,830, adadin da ba a rubuta wa kowa irinsa ba a tarihin NBA, kuma a 1994 shi ne gwarzon shekara, shi ne kuma gwarzon masu tsaro. 'Yan matanmu na D'Tigress, a ƙarƙashin koci Rena Wakama, sun doke Ostiraliya da maki 75 da 62 a gasar Olamfik ta Faris a 2024, bayan sun matsa mata har ta zubar da ƙwallo fiye da sau 20. Daga nan suka doke Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a wannan gasa.

JIFA

Yanzu sai jifa, inda kowa ke ganin shi gwani ne. Tun da aka ga Stephen Curry ya zura jifan maki uku har 402 a kakar 2015 zuwa 2016, kowane yaro ya koma bayan layi, wanda a dokar FIBA nisansa mita 6.75 ne. Abin da ba a faɗa shi ne, Curry ɗin nan tun yana makarantar sakandare ya kwashe hutu guda shi da mahaifinsa suna rushe salon jifansa suna sake gina shi daga kusa da kwando. Lissafin ma ba ya goyon bayanmu. Wanda ya ci 2 cikin 10 daga bayan layi ya kawo maki 6, wanda ya ci 5 cikin 10 daga kusa ya kawo maki 10. Sai mutum yana cin ɗaya cikin uku daga nesa kafin ya yi kunnen doki da mai cin rabi daga kusa.

Saboda haka kowane atisayen jifa ya fara daga taku ɗaya gaban kwando, da hannu ɗaya. Ƙwallo a kan yatsu, gwiwar hannu a ƙarƙashinsa, ƙarfi ya taso daga ƙafa, wuyan hannu ya karye a ƙarshe har ƙwallon ya tafi yana juyawa baya. Kada a ja da baya sai an ci biyar a jere ba tare da ƙwallo ya taɓa ƙarfe ba. A kuma kula da tashin ƙwallo. Kwando yana bisa mita 3.05, faɗin bakinsa santimita 45, na ƙwallo kuwa kimanin 24, watau bakin ya kusa ninka ƙwallon biyu. Amma wannan yalwa ta mai sauko da ƙwallo daga sama ce. Wanda ya harba shi miƙe kamar kibiya ya ƙuntata wa kansa ƙofa.

Ga dogayenmu akwai atisayen da ake kira da sunan George Mikan, wanda kocinsa Ray Meyer ya hore shi da shi a Jami'ar DePaul cikin shekarun 1940. Mutum ya tsaya ƙarƙashin kwando, ya zura da dama daga dama, ya cafe tun ƙwallo bai sauka ƙasa ba, ya zura da hagu daga hagu, haka har minti guda. A ƙungiyarmu da ƙyar za ka sami mutum uku masu iya zurawa da hagu, kuma abokan karawa sukan gane haka tun a kashi na farko.

Bayan wannan sai jifa daga wurare biyar, watau kusurwa biyu, gefe biyu, da tsakiya. Mutum uku, ƙwallo biyu: mai jifa, mai cafewa, mai miƙawa. Mai jifa ya riƙa isowa wurin a guje, ya karɓa, ya daidaita ƙafa, ya jefa da irin saurin da zai yi ranar gasa. Jifan da aka koya a tsaye cikin natsuwa ba ya zuwa ranar da dogon mutum ya taso maka da hannu a sama, agogon daƙiƙa 24 kuma yana shirin ƙarewa.

Jifan kyauta kuwa, wanda ya kashe mu, maganinsa sananne ne. A wasa ba a taɓa ba mutum ashirin a jere yana hutawa. Biyu ake ba shi, yana haki, jama'a suna ihu. To, haka za a koye shi. Bayan kowane gudu mai tsanani a tsai da mutum a kan layi ya jefa biyu, sauran suna masa sowa. Kowa ya zaɓi al'adarsa guda, ko buga ƙwallo sau uku ne da jan numfashi, ya riƙe ta har abada. Sa'an nan a rubuta. Littafin rubutu guda ɗaya ya isa ya kashe gardamar wane ne gwani, gama takarda ba ta san ɗan gari ko babban yaya ba.

Mai shakkar abin da jifa ke yi ya tuna wasa biyu. A Landan a 2012 Amurka ta lallasa Nijeriya da maki 156 da 73. A Las Vegas a 2021, a wasan share fage, Nijeriya ta doke Amurka da maki 90 da 87, ta zura jifan maki uku har 20. Wanda ya hore hannunsa yana da izinin tsayawa bayan layi. Mu da ba mu hore ba, mu matso kusa tukuna.

JURIYAR JIKI

Na uku shi ne abin da ya durƙusar da mu a kashi na huɗu. Ƙwallon kwando wasa ne na gajeren gudu mai tsanani, da tsayawa farat ɗaya, da juyawa, da tsalle, a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15. Zagaya filin ƙwallon ƙafa sau goma cikin sassarfa yana da amfaninsa a farkon shekara, amma ba shi ne numfashin da wannan wasa ke nema ba. Abin da ya dace shi ne gudun layuka. Mutum ya tashi daga layin ƙarshe ya taɓa layin jifan kyauta ya dawo, ya taɓa layin tsakiya ya dawo, ya taɓa layin jifan kyauta na can ya dawo, ya taɓa ƙarshen fili ya dawo. Jimla mita 140 ke nan, da juyawa sau bakwai. A huta kamar ninki biyu na lokacin da aka yi ana gudun, a sake. Akwai kuma tsallaka faɗin fili sau 17, watau mita 255, wanda ƙaƙƙarfan ɗan wasa kan gama cikin minti guda da 'yan daƙiƙoƙi. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako. Sannu-sannu kwana nesa.

Mafi kyau ma a haɗa gudun da ƙwallo. Mutum uku su tashi daga ƙarshen fili suna miƙa wa juna, kowa ya miƙa ya zagaya ta bayan wanda ya ba, kamar ana kitso, har na ƙarshe ya zura a kwando, su juyo haka. Ga gudu, ga miƙawa, ga zurawa cikin gajiya. A ƙara da tsallen igiya, da tsugunawa da miƙewa, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ido rufe, domin targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi yawa a wannan wasa, mu kuwa a kan daɓen siminti muke yi. Minti goma na ɗumama jiki kafin a fara ba ɓata lokaci ba ne, rigakafi ne.

A nan ina da ƙorafi biyu a kan manyanmu. Na farko, al'adar nan ta hana 'yan wasa ruwa wai don su yi tauri jahilci ne mai haɗari. Masana sun tabbatar cewa idan mutum ya zubar da gumi har kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa da saitinsa sukan ragu, kuma a zafin bazara irin namu abin yana iya kaiwa ga suma ko abin da ya fi suma. A ajiye ruwa a bakin fili, a sha a kan kari, a kuma guji atisaye da tsakar rana. Na biyu, a daina mai da gudu bulala. Wanda aka saba hora da gudu duk ran da ya yi kuskure zai tashi yana ƙin gudu, alhali shi ne jarinsa. Game da watan azumi kuwa, Olajuwon ya zama gwarzon wata na NBA a Fabrairun 1995 yana ɗauke da azumi, amma shi jikinsa ya riga ya horu shekara da shekaru. Mu namu shi ne a rage nauyin atisaye, a mai da mai tsananin zuwa bayan an sha ruwa.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Na san akwai masu cewa ƙwallo baiwa ce, wanda Allah ya ba ya ba shi. Haka ne, tsawo da sauri kyauta ce daga Allah. Amma Olajuwon ɗin nan gola ne a ƙwallon ƙafa, ɗan ƙwallon hannu ne kuma, har lokacin da makarantarsa ta je wata gasa a Sakkwato aka jawo shi cikin 'yan ƙwallon kwando. Da ya isa Jami'ar Houston ɗanye ne, sai da ya yi hutu bayan hutu yana gwabzawa da Moses Malone kafin ya nuna. In kana da kyau, ka ƙara da wanka.

Wasu kuma za su ce atisaye yana gundurar mutane, kuma abin da aka koya ba abokin karawa ba ya aiki ranar gasa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Ɗan wasan da ya ƙware wajen zagaye kujeru zai sha mamaki ranar da kujera ta miƙo hannu. Shi ya sa kowane atisaye da na lissafa yake ƙarewa da gasa da ƙirge, shi ya sa kuma nake son a riƙa yin uku da uku a rabin fili, inda ba mai iya ɓuya a bayan gwani. Wasan biyar-biyar ma yana nan, sai dai ya zo a ƙarshe, da sharaɗi, misali a ce ba a ƙirga maki sai ƙungiya ta fara hana abokiyar karawarta ci.

Masu cewa karatu muka zo yi, ina tare da su ɗari bisa ɗari. To amma wane ne ya fi cin lokacin karatu, mai atisayen minti 90 kwana huɗu a mako, ko mai yini a fili kullum daga La'asar zuwa Magariba ba tsari? Shi kansa wasan a makaranta aka haife shi. James Naismith ya ƙago shi ne a 1891 a garin Springfield domin ɗalibansa su motsa jiki lokacin sanyi.

Masu kukan rashin kayan aiki kuwa su dubi Zariya, inda koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da yara, har daga cikinsu aka sami Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Su kuma sake duba duk abin da na lissafa a sama. Ban ambaci abin da ya wuce alli, da usur, da agogo, da igiya, da littafin rubutu ba.

ABIN DA NAKE NEMA

Daga Daraktan Wasanni da Majalisar Wakilan Ɗalibai ina neman abubuwa kaɗan. A cikin kasafin kuɗin bana a fara sayen ƙwallaye, aƙalla ɗaya ga kowane mutum biyu, kafin a yi maganar sababbin riguna da liyafar ban kwana. A toshe tsagar da ke daɓen filinmu, a ɗaura raga, a ajiye randar ruwa da akwatin taimakon gaggawa. A raba lokacin fili daidai tsakanin maza da mata, gama 'yan'uwanmu mata sai an gaji ake bar musu fili, alhali matan ƙasar nan ne suka ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, mazan kuwa sau ɗaya suka taɓa ci, a 2015. A ɗauki nauyin ɗalibi biyu su sami horon koci, domin ilmin ya zauna a gida ko da wani ya gama karatu ya tafi. A kuma liƙa tsarin atisaye a allon sanarwa inda kowa zai gani: minti 10 ɗumama jiki, 20 tsaro, 20 jifa, 15 uku da uku, 15 biyar da biyar, 10 gudun layuka da jifan kyauta.

Daga 'yan'uwana 'yan wasa kuwa ina neman haƙuri da zuwa a kan lokaci. Makonnin farko za su yi ɗaci, cinyoyi za su yi tsami, wanda yake ganin shi sarki ne zai ga lambarsa a littafi ransa ya ɓaci. Ya daure. Kuɗin da ake kai mu gasa da shi na ɗalibai dubbai ne waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwallo ba, wasunsu da ƙyar iyayensu suka haɗa shi. Idan an cinye mu don an fi mu, ba abin kunya. Amma a cinye mu don numfashinmu ya ƙare a minti na 30, wannan cin amanarsu ne.

Gasa ta gaba saura watanni, watau gorar tana nan ɗanya, wuƙa kuma tana hannunmu. Ni dai ranar Litinin bayan sallar La'asar, in Allah ya yarda, za a same ni a fili da alli da littafin rubutu. Wanda yake ganin na yi kuskure, ga shafin Malam Edita nan a buɗe, ko kuwa ya zo ya tsaya a kan layi ya jefa goma in ƙirga masa. Allah ya sa mu dace. Wassalam.